Da Sauƙi, In Ji Injiniya

Kun taɓa ganin irin hannun nan, kada ku ce ba ku taɓa ba. A motar haya ne ko a bakin kanti, wani ya miƙo hannu zai karɓi kaya, sai ga fata ta yi tudu tana sheƙi, ta ɗinke yatsu biyu wuri guda. Kuka yi sauri kuka kau da kai, kuna ganin ladabi kuka yi. Ba ku tambayi kanku yadda aka yi hannu ya kai haka ba, alhali wutar da ta ƙone shi ba ta wani daɗe a kansa ba. To, ga yadda ake yi.

Injiniya mai gyaran waya ne. Bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba, 'yan layi ne suka laƙaba masa sunan ya bi shi. Shagonsa ɗan mitsitsi ne a ƙarƙashin matattakalar wani bene: tebur, kujera, fitila mai lanƙwasa wuya, da gilashin da yake ƙara wa abu girma. Sana'arsa duka a kan yatsu biyu take, babban yatsa da manuni na hannun dama. Da su yake riƙe hantsaki ya ɗauko kusar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, da su yake ɗiga dalma a wurin da ido ma da ƙyar yake gani.

Wata rana da tsakar rana aka ɗauke wuta, ga wayar wani a buɗe a kan tebur, mai ita yana tsaye yana tsaki. Mai ya ƙare a janareta. Injiniya bai bari injin ya huce ba, ya kwance murfin tanki ya fara tuttula fetur, sai gobara ta tashi ta kama hannunsa na dama. Maƙwabcinsa, wanda kowa yake kira Mai Caji, shi ya fizge labulen shago ya danne wutar da shi. Kafin nan ta cinye bayan hannun da tsakanin yatsun, ta haura wuyan hannu.

Injiniya ya daɗe a asibiti, a sashen masu ƙuna. Aka yanko fata daga cinyarsa aka dasa a hannun, ta kama. Ana gab da sallamarsa, wata likita ta jawo kujera ta zauna a gefen gadonsa. Matarsa tana wurin, haka ma yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau kuma Auta take kiransa ko da a gaban 'ya'yansa.

Likita ta ce, "Ina so ku gane wani abu. Tabon ƙuna ba irin na yankan wuƙa ba ne. Sai fata ta rufe sannan yake fara aikinsa. Ya yi ja, ya yi kauri, ya dinga jan duk abin da yake kusa da shi. A hannu kuwa, abin da yake kusa da shi yatsu ne."

Ta fito da wata safar hannu mai matsewa kamar roba, an yanke mata kan yatsu. Ta kuma fito da wani ɗan faifai mai laushi, mai danƙo, da ta ce sunansa siliko. Ta yi bayanin cewa suna wani bincike ne. Duk wanda ya shiga zai sa safar, don ta danne tabon kada ya tashi. Rabin mutanen za a ƙara musu faifan a ƙarƙashin safar, rabi ba za a ƙara ba, daga baya a gwada a gani ko faifan yana da wani amfani.

"Wato gwaji za ku yi da ƙanena," in ji Yaya. "Ɓeraye sun ƙare ne?"

Likita ta yi dariya. "Safar ba gwaji ba ce, Hajiya, an daɗe ana amfani da ita. Faifan ne muke so mu san gaskiyarsa a irin fatarmu da irin guminmu. In ya ce ba ya shiga, ba abin da zai rasa, za mu ci gaba da kula da shi."

"Yaya, ni ma haka nake yi da wayoyin mutane," in ji Injiniya. "In taɓa nan, in taɓa can, in ta tashi in ce dama na sani."

"Kai dai bakinka bai ƙone ba."

Ya yarda, ya faɗa cikin masu faifan. Ƙa'idar ba ta da wuyar riƙewa. Safar ba ta barin hannu sai zai yi wanka, ko zai shafa mai, ko zai yi motsin da mai gashin ƙashi ya koya masa, na buɗe babban yatsa nesa da manuni har ya ji fatar tana ja. Haka za a yi shekara, ko fiye. Asibitin a cunkushe yake, waɗanda suka shiga binciken kuma da yawansu daga nesa suke zuwa, don haka wata nas za ta dinga kiran kowa a waya. Wanda aka ji hannunsa yana lalacewa, a kira shi ya zo nan take. Sauran su jira ranar da aka ba su, can gaba.

Da ya koma shago ya gane abin da ya ɗauka. Gumi yana taruwa a ƙarƙashin faifan. Ƙaiƙayi yana tashi daga can cikin nama, inda farce ba ya kaiwa. Hantsaki yana zamewa a kan safar.

Mai Caji ya leƙo ya kalli hannun. "A'a, gola! Yau da wa za ku buga?"

"Da kai, in ka shirya."

"Ni? Ai ba na buga ƙwallo da mai safa ɗaya. Ka je su ba ka ta hagun, rowa suka yi maka."

Wannan bai dame shi ba, shi ma yana dariya. Abin da ya dame shi masu kawo gyara ne. Mutum zai miƙo waya, idonsa ya sauka a kan safar, sai ya ɗan janye. "Injiniya, hannun zai iya kuwa?" Sai Injiniya ya fara cire safar in ya hango mai waya, ya jefa a aljihun tebur, ya mayar bayan an tafi. Ranar da aiki ya yi yawa takan wuni a ciki. Faifan ya kwashi ƙura da gashi, ya daina mannewa, ya naɗe shi a leda ya ajiye.

A gida ma bai samu mai tsawata masa ba. Yaya ta zo duba shi, ta juya hannun sama da ƙasa.

"Tubarkalla. Fata ta rufe, ciwo ya warke. To me kuma ake matsewa? Ku bar nama ya sha iska."

Matarsa ta ce, "Yaya, likita fa ta ce kada a cire."

"Likita ta ce, likita ta ce. Ita take jin ƙaiƙayin? Ke kin ga yadda yake sosa shi a gefen tebur kamar akuya a jikin bango?"

Nas ba ta taɓa fashin kira ba, wannan kam a yaba mata. Takan yi sallama, ta tambayi iyali, ta tambayi kasuwa, sannan ta zo kan magana.

"Yaya hannun, da sauƙi ko?"

"Da sauƙi, alhamdulillah."

"Ana dai sa safar?"

"Ana sawa."

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Injiniya bai yi ƙarya ba, ko kuma a ce bai yi wadda ta wuce ta kowa ba. Ana sa safar, wani lokaci. Shi kuwa "da sauƙi" ba labarin jiki ba ne, gaisuwa ce. Da ita muke amsa wa maƙwabci, da ita muke amsa wa suruki, da ita muke sallamar wanda ya ɓata lokacinsa ya tuna da mu. Mutum yana murƙususu a kan tabarma zai ɗago ya faɗe ta, in bai faɗa ba a ce ya cika raki, ko a ce ba shi da godiyar Allah. Dukkanmu mun san haka. Mun sani, amma muka bar kalmar ta zama ƙofar da za a bi a gane wanda yake bukatar likita.

Tabon bai ji gaisuwar ba. Ya tashi kamar yadda aka ce zai tashi, ja, mai kauri, kamar an shimfiɗa igiya a ƙarƙashin fata. Ya fi ƙarfi a lungun da yake tsakanin babban yatsa da manuni. Lungun ya dinga cikewa a hankali, ta yadda mai hannun ma ba zai iya nuna ranar da abin ya faru ba. Motsin mai gashin ƙashi ya koma mai zafi, ya rage yi, sannan ya daina. Wata rana ya ɗauko safar daga aljihun tebur zai sa, babban yatsa ya ƙi shiga gurbinsa.

Kusoshi suka fara faɗuwa. Ya tsinka wata siririyar waya a cikin salular wata malamar makaranta, abin da bai taɓa yi ba ko yana ɗan koyo. Ya gwada da hagu, hagu ta ƙi. Mai Caji ya daina zolaya, kuma wannan ya fi zolayar ciwo. In mutum ya tambayi mai gyara, sai Mai Caji ya ɗan yi jim kafin ya nuna shagon da yake ƙarƙashin matattakala.

A asibiti kuwa labari mai daɗi ne yake taruwa. Da Likita ta duba abin da kiran waya ya kawo, masu faifai suna samun sauƙi, marasa faifai ma suna samun sauƙi. Ba a samu ko mutum ɗaya da hannunsa ya ƙara lalacewa ba. Wani abokin aikinta ya ce ai sai godiya, su fara shirin rubuta sakamako. Ita dai abin bai kwanta mata ba, don ba ta taɓa ganin taron masu ƙuna da kowa ya yi daidai haka ba. Amma ba ta ga inda matsalar take ba.

Da safe tana zagayen marasa lafiya ta tsaya a kan wani tsoho da gobara ta kama a ɗakinsa. An naɗe shi tun daga ƙirji har ƙafa, ga robar iska a hancinsa, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Baba, yaya jiki?"

Ya buɗe ido. "Da sauƙi, 'yata."

"Allah ya ƙara sauƙi," ta ce, ta wuce gado na gaba. Sai ta tsaya.

Ta gama zagayen, ta tafi ɗan ofishin da Nas take kiran waya, ta zauna ta saurara. Tambayar da Turanci aka tsara ta tun farko: tabon ya ragu, ko yana nan yadda yake, ko ya ƙaru? A bakin Nas ta koma yadda mai tarbiyya zai yi ta. Ba za ta kira gidan mutum da safe ta ce masa ko hannun ya ƙara lalacewa ba, kamar mai yi masa mugun fata. Likita ba ta da bakin yi mata faɗa. Ita da kanta ta ji irin kiran nan a farkon aiki, ta gyaɗa kai, don a kunnenta ma daidai yake.

Ta karɓi wayar. Injiniya ne na gaba. Yana gida, bai fita ba tukuna.

"Injiniya, likitarka ce. Yaya hannun?"

"Ranki ya daɗe, da sauƙi."

"To. Madam tana kusa? Ba ni ita mu gaisa."

Suka gaisa. Likita ta ce, "Wata 'yar tambaya zan yi miki. Yau da safe wa ya ɓalla masa maɓallan riga?"

Can aka ji ƙarar ƙofa, alamar matar ta fita daga ɗakin.

"Ni ce."

"Jiya fa?"

"Ni ce. Likita, an kwana biyu ni nake yi. Ya ce kada in faɗa wa Yaya."

"In zai sha shayi, yaya yake riƙe kofi?"

"Da hannu biyu. Ko ya tallafe shi da ƙirji."

"Ku kawo shi gobe. Kada ku jira ranar da aka ba ku."

Su uku suka zo, don Yaya ta ji labari, ta ce ba inda za a kai mata Auta ba da ita ba. Likita ba ta tambaye shi komai ba. Ta ɗora kofin roba a kan tebur ta ce ya ɗauka da dama. Ya kai hannu. Yatsu huɗu suka zagaye kofin, babban yatsa ya tsaya a manne da manuni, ya ƙi tsallakawa ɗaya gefen. Ya matsa, jijiyar wuyansa ta tashi, kofin ya zame ya gangara ƙasa. Matarsa ta sunkuya ta ɗauko.

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ce, "Likita, babu sauƙi."

"Subhanallahi, Auta!" in ji Yaya. "Wace irin magana ce wannan? Wasu a gobara ko rai ba su fita da shi ba. Ka gode wa Allah mana."

"Na gode masa, Yaya. Kullum ina gode masa. Amma hannun babu sauƙi."

Likita ta danna tabon, ta auna tazarar yatsun, ta kira mai gashin ƙashi ya duba. Ba ta ɓoye musu ba. Safa ba za ta warware abin da ya riga ya ɗaure ba. Sai an shiga tiyata an tsaga tabon, a saki yatsan, a sake dasa fata a lungun. Bayan nan a ɗaure hannun da wani ƙarfe mai riƙe yatsan a buɗe, sannan a koma kan safa daga farko.

"Wani yankan kuma?" Yaya ta ce. Muryarta ta sauka. "Ni ce fa na ce ya bar nama ya sha iska."

"Ba ke kaɗai ba ce, Hajiya. Mu ma ba mu iya tambaya ba."

Injiniya bai kula da wannan ba. "Zan sake riƙe hantsaki?"

"Kofi za ka riƙe. Sukurdireba ma ina sa rai. Hantsaki ban sani ba."

Yaya ta zuba mata ido tana jiran sauran maganar, irin wadda ake ƙarawa don a sanyaya rai. Likita ta jawo takarda ta fara rubuta ranar tiyata.

Daga ranar aka canza tambayoyin waya. Nas tana gaisuwarta yadda ta saba, ta karɓi "da sauƙi" ta mayar da addu'a, sannan ta fara aiki. Wa yake ɗaure wa yaron takalmi? Za ki iya ɗaga hannu ki taje kanki? Safar tana hannunka yanzu da muke magana, ko tana ina? Layin masu zuwa kafin ranarsu ya yi tsawo har ya kai bakin ƙofa. Akwai wata mai ɗinki da gwiwar hannunta ta daina miƙewa, akwai direban da wuyansa ya karkace. Kyakkyawan sakamakon ya rushe. Maganar faifan siliko kuwa ta koma baya, don ba a gwada abin da yake naɗe a leda. Dole aka tsawaita binciken, kuma har lokacin da wannan labari ya tsaya ba a san amsarsa ba.

Aka yi wa Injiniya tiyata, fata ta sake kamawa. Wannan karon safar ba ta bar hannun ba. Yaya ce ma ta koma mai gadi, in ta zo ba ta gama sallama sai ta duba. Ya sha ƙaiƙayin, ya sha motsin mai gashin ƙashi har da hawaye. Yatsan ya buɗe, ba duka ba.

Da aka ba shi izinin aiki, ya zaɓi safiyar da layi bai cika ba. Ya kunna fitila, ya ɗauko wata matacciyar waya da ba ta da mai ita, ya buɗe bayanta. Sukurdireba ya zauna a hannun. Ya ɗauki hantsaki, ya kama kusa, ya ɗaga. Ta tsaya. Ya matsa zuwa cikin injin wayar, inda ake ɗiga dalma. A nan ne abin ya ƙi. Sabuwar fatar ba ta gaya masa ko ya matsa da yawa ko bai matsa ba, yatsan kuma yana fara rawa kafin dalma ta narke. Ya gwada har rana ta ɗaga. Daga nan ya zare ƙarfen dalma daga wuta, ya bari ya huce, ya naɗe igiyarsa.

Yanzu yana canza gilashin waya da batir, yana yi da kyau. In aka kawo wadda cutarta a ciki take, sai ya juya ta, ya saurari bayanin mai ita, ya faɗa masa daidai abin da ya lalace, sannan ya nuna masa shagon tsallaken titi.

In akwai wanda ya ƙone a gidanku ko a layinku, fata ta rufe har an daina zuwa dubiya, yanzu ne lokacin zuwa. Ku je yau. Ku gaisa yadda kuka saba, sannan ku ce ya buɗe hannun, ya miƙe gwiwar, ya juya wuyan ku gani da idonku. In ya kasa abin da yake iyawa a watan jiya, ku sa shi a gaba ku kai shi asibiti.